Jar akuyar Maraɗi: kada irinta ya ɓace a hannunmu

Kowane manomi ya san ba a cinye iri. In aka yi girbi, akan ware zangarniyar da ta fi kyau, a ɗaure ta daban, a jira damina. Amma in aka zo ga bisashe, da yawa cikinmu suna mance wannan dabara. Darasinmu na yau a kan jar akuya ne, wadda duniya ta sani da sunan Maraɗi.

Akuya ce gajera, mai gajeren gashi ja mai sheƙi. Cibiyarta ita ce ƙasar Maraɗi, Tasawa da Madarunfa, har zuwa Sakkwato a Nijeriya. Cikinta wata 5 ne, kuma takan haifi tagwaye sau da yawa, wani lokaci har uku. Tana ba da nonon da ke taimakon yara a lokacin bazara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Fatarta kuwa tana da laushi da ƙarfi. Tun zamanin ayari ake kai ta arewacin Afirka ta hamada, daga can ta shiga Turai, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, alhali daga ƙasar Hausa ta fito. Saboda darajarta ne aka buɗe gidan kiyon awaki na gwamnati a Maraɗi a shekarar 1963, don a zaɓi nagari, a rarraba ma makiyaya.

To, yaya iri ke ɓacewa ga shi awaki sun cika gari? Ba mutuwa suke yi ba, jininsu ne ke garwayewa. Ɗan akuya yana gadon rabin halinsa ga uwa, rabi ga uba. In bunsuru na wani iri ya hau jar akuya, ɗiyanta rabi ne. In ɗiyan nan suka sake samun baƙon bunsuru, saura kashi ɗaya cikin huɗu. Kafin shekara kaɗan, sai mai garke ta ga tagwaye sun ragu, fata ta yi kauri, ta rasa dalili. Da rani kuma awakin gari duka suna yawo tare, ba mai sanin wane bunsuru ya hau wace akuya.

Akwai wata ɓarna da muke yi da hannunmu. In biki ya taso ko kuɗi suka yanke, bunsurun da ya fi girma da kyau shi ake ja zuwa kasuwa, don shi ke da tsada. Ramamme shi ke saura a gida, shi ne kuma zai zama uban garke. Wannan daidai yake da cinye iri a shuka ƙaiƙayi.

Kada a ce muna zagin doguwar akuyar arewa. Ita ma tana da nata aiki: tana jure doguwar tafiya da ƙishirwa, abin da ja ba ta iyawa kamar ta. Haka shanun Azawak da ake kiyaye irinsu a Tukunus, kusa da Filinge, da shanun Kuri masu kumburarrun ƙaho na bakin tafkin Cadi. Kowane iri ya daɗe yana sabawa da ƙasarsa, da ciyawarta da cututtukanta. Fari irin na 1973 da na 1984 ya nuna mana cewa ba a san dabbar da za ta tsira gobe ba. Shi ya sa yawan iri ya fi iri guda. A shekarar 2007 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta sanar cewa iri fiye da 60 na dabbobin gida sun ƙare a duniya cikin shekara 6. Irin da ya ƙare, kuɗi ba su maido shi.

Aikin yana ga bunsuru. Bunsuru guda mai lafiya ya ishi awaki 20 zuwa 30, saboda haka mata na unguwa ɗaya suna iya haɗa kuɗi su riƙe nagari guda. Wajen zaɓe kada a tsaya ga launi kaɗai. A tambayi uwarsa: tana haihuwar tagwaye? Tana da nono? Ɗiyanta suna rayuwa? Sauran ƴan bunsura da ba a so su yi barbara, a kai su ga ma'aikatan kiyo su fiɗiye su tun suna ƙanana. Suna yi da wani ƙarfe mai kama da awartaki, ba yanka, ba jini. Taure ya fi saurin ƙiba, ba a yi hasara ba.

Sai dai a kula: tsare iri ba shi ne barin bunsuru guda shekara da shekaru ba. In uba yana hawan ɗiyansa da jikokinsa, jini ya yi kusa ƙwarai, sai a riƙa samun ƙananan ɗiya marasa ƙarfi, masu saurin mutuwa. Kafin ɗiyansa mata su kai barbara, a musanya shi da jan bunsuru na wani gari mai ɗan nisa. Ƙungiyoyin mata masu ba da aron akuya, wato habbanaye, su suka fi dacewa da wannan musanya. A sami littafi guda, wadda ta iya rubutu ta sa sunan garin da bunsuru ya fito, da watan da ya zo, da yawan ɗiyan da kowace akuya ta haifa.