Gigin Tsufa Ciwo Ne, Jinyarsa Kuma a Gida Take

Ba kasafai mantuwa ke sa a kawo mana tsoho asibiti ba. Idan Baba ya manta inda ya ajiye carbinsa, ko ya kira jika da sunan ubansa, sai a yi murmushi a ce tsufa ne. Ana kawo shi ne ranar da ya fita masallaci bai dawo ba sai da aka kai cigiya gidan rediyo, ko ranar da Hajiya ta tsaya a tsakar gida ta rantse matar ɗanta ce ke sace mata kuɗi. Kafin a kai nan, ciwon ya daɗe yana cin ƙwaƙwalwa, gidan kuma ya sha rigima iri-iri. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya fi ci mini rai a wannan aiki shi ne yawan ɓacin ran da za a kauce masa da an gane tun farko cewa da ciwo ake fama.

Zargin sata shi ya fi raba zumunci, don haka da shi zan fara. A yawancin masu wannan lalura, sashen ƙwaƙwalwar da ke adana sabon abu ne ke fara lalacewa, tsohon abu kuwa yana nan daram sai can gaba. Shi ya sa dattijo zai ba ka labarin yadda aka canja kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, bai rage komai ba, amma bai san yanzun nan ya ci tuwo ba. Hajiya ta ƙulle kuɗinta a tsumma ta tura ƙarƙashin katifa, ajiyar ba ta zauna mata a ka ba ko kaɗan. Da ta nema ta rasa, amsa ɗaya ce ta rage mata: an ɗauka. To wa ke shiga ɗakin kullum? Wadda ke share shi, take kai abinci, take wanke kayan da aka ɓata. Hajiya ba sharri take yi ba, abin da ta faɗa shi ne gaskiya a wurinta. Amma na ga aure ya mutu a kan haka. Na ga dangin miji sun taru sun ce da yunwa ake horar da uwarsu, alhali ga kwanon da ta gama cin abinci a gefen gado. Masu zuwa gaisuwa su tafi su suka fi saurin yanke hukunci, domin mai wannan ciwo yakan daɗe bai manta gaisuwa ba. Za ta amsa lafiya lau, ta tambayi yara, ta sa albarka, su fita suna cewa ai Hajiya garau take.

Ciwuka da dama ne ke kawo gigin tsufa. Mafi yawa shi ne cutar Alzheimer, wadda ta samu suna daga likitan Jamus da ya fara bayyana ta a 1906, kuma ita ke da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Mai bi mata ita ce wadda lalacewar jijiyoyin jini ke haifarwa, ta hanyar hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan lalura sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kuma duk shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10. A nan gida, wani bincike da aka yi a Zariya aka wallafa a 2011 ya samu ciwon a jikin kusan uku cikin ɗari na tsofaffin da aka duba. Wato ciwon yana cikinmu, amma yawancin tsofaffinmu ba su da shi. Tsufa kaɗai ba ya sa mutum ya ɓata a unguwar da aka haife shi.

Tambayar da nake fara yi wa kowane iyali ita ce: yaushe abin ya fara? Idan aka ce a hankali ya zo, cikin watanni ko shekaru, sai mu karkata ga gigin tsufa. Idan kuwa aka ce makon jiya lafiyarsa ƙalau, shekaranjiya ya fara sambatu da fizge-fizge, wannan wani abu ne daban, kuma na gaggawa ne. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ciwon huhu, ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara, faɗuwar suga, taurin bayan gida na kwanaki, ko jinin da ya taru a ka bayan an faɗi a banɗaki, kowannensu na iya rikita tsoho farat ɗaya, kuma yana warkewa idan aka yi hanzari. Ko mantuwar da ta zo a hankali ma sai an duba, domin ƙarancin sinadarin B12, da raunin aikin halittar nan ta wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo, da ciwon damuwa bayan rasuwar abokin zama, duk suna kama da ita, kuma suna da magani. Wanda aka bari a gida da sunan tsufa an tauye masa wannan dama.

Gigin tsufa na ainihi kam har yau ba shi da maganin da ke warkar da shi. Akwai ƙwayoyi irin su donepezil da memantine da ke ɗan taimaka wa wasu na wani lokaci, likita ne ke tantance wanda suka dace da shi. Abin da nake roƙo a daina shi ne zuwa kemis a ce a ba da abin da zai sa Baba barci. Diazepam na ƙara ruɗa tsoho, ya tashi fitsari cikin dare yana tangaɗi ya karya ƙugu, daga nan kuma wasu ba sa sake tashi. Magungunan taɓin hankali irin su haloperidol suna ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ga masu wannan ciwo, sai da tsananin buƙata ake ba da su, kaɗan, na ɗan lokaci.

Sauran aikin duk a gida yake, kuma mafi wuyarsa shi ne barin gardama. Idan Inna ta ce an sace mata kuɗi, rantsuwa ba ta da amfani. A ce mata, “Inna, taso mu duba tare.” A san wuraren da take ɓoye kaya, a bar mata 'yan canji a hannu, manyan kuɗi da takardun gida su koma wurin amintacce da sanin dukan 'ya'ya. Idan ta tambayi mijinta da ya rasu shekara da shekaru, duk sanda aka ce mata ya rasu sabuwar mutuwa aka yi mata, za ta yi kukan ranar farko. Mutane kan tambaye ni ko ƙarya za su yi mata. Ban ga dole a yi ƙarya ba. A ce, “Inna, kin tuna da Malam ke nan. Wane abinci ya fi so ki dafa masa?” Sau da yawa hirarsa take nema, kuma tana samun natsuwa a cikinta. A riƙa yi mata magana ɗaya-ɗaya, ana fuskantarta, ba a yi mata jarrabawar “wace ce ni?” a gaban baƙi. Wanda ya shigo ya faɗi sunansa kawai. Kuma a bar ta ta tsince shinkafa, ta ɓare gyaɗa, ta ninke zannuwa, ko da sai an sake daga baya.

Da yawansu sukan rikice daga la'asar sakaliya zuwa almuru: a ɗaure kaya a ce za a tafi gida, a ga mutane a jikin bango. Da yake lokaci ne da muka saba dangantawa da iskokai, nan da nan sai a ce shafar aljanu ce. Gajiya ce da raguwar haske da hayaniyar gida ke haɗuwa wa ƙwaƙwalwar da ta riga ta raunana. A kunna fitila tun kafin duhu, a rage ƙarar talabijin, a zauna kusa da su. Addu'a da karatun Alƙur'ani a hankali suna kwantar wa da yawa hankali, ina kuma ƙarfafa su. Amma a danne tsohuwa ana yi mata ihu a kunne da hayaƙi a hanci, wannan azaba ce. Mafi muni shi ne tsohuwar da ta fita cikin dare ba mayafi, aka tsince ta a wata unguwa ba ta iya faɗin daga inda take, sai a ce mayya ce, yara su bi ta da jifa. Uwar wasu ce, suna can suna nemanta.

Akan kuma takura musu a kan ibada. Baba ya yi la'asar sau uku, ko ya sha ruwa da rana a watan azumi, sai hankalin 'ya'ya ya tashi. Malaman fiƙihu sun bayyana cewa wajibcin ibada a kan hankali ya rataya. A tambayi malami a kan halin da majinyacin ke ciki, a bar shi ya yi abin da ya iya. Na lura mutum kan manta sunan ɗansa amma ya bi liman daidai, don haka jika ya riƙe hannunsa zuwa masallaci ya fi a hana shi fita.

Kulle mutum a ɗaki, balle ɗaure masa ƙafa, yana ƙara masa firgita ne kawai. A rufe rijiya, a ɗauke ashana da risho da maganin ɓera, a bar fitila a hanyar banɗaki, a rataya ƙararrawa a ƙofar zaure. A ɗinka lambar waya a cikin aljihun rigarsa. A faɗa wa mai unguwa da liman da mai shayin bakin layi halin da ake ciki. Ɓoye ciwon don kunya shi ke sa a gan shi ya nufi titi ba wanda ya tare shi.

Sai ita mai jinyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata ne ke ɗauke da kashi 70 cikin ɗari na lokacin da ake kashewa a wannan jinya, ni kuwa a wurin aikina kusan kullum mace ɗaya nake gani: 'ya, ko matar ɗa, ko jikar da aka cire daga makaranta. Ba ta barci, ba ta zuwa biki ko suna, ana zaginta a gida ana zarginta a dangi. Idan ta gaji ta ɗaga murya sai a ce ba ta da imani. 'Ya'ya maza, aiko da kuɗin magani bai sauke muku nauyi ba. Ku raba kwana, ku karɓi wankan mahaifinku da kanku, ku ba ta ranar da za ta je gidansu ta huta, kuma idan an zarge ta ku tsaya mata a gaban kowa.

Ba lallai sai an je asibitin ƙwaƙwalwa na Kaduna ko Kware ko Maiduguri ba kafin a fara taimako. Shirin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka fara a 2008, yana da darasi a kan wannan ciwo domin ma'aikatan ƙananan asibitoci, kuma ya kamata jihohinmu su horar da su a kai. Su ne kuma ke awon hawan jini, wanda ke cikin abubuwa 14 da kwamitin masana na mujallar Lancet ya ce a 2024 magance su na iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na ciwon, tare da suga da shan taba da raunin ji da na gani. Mai shekara arba'in da ke wasa da maganin hawan jininsa ya san da wannan.

Ranar da za a zo asibiti, a zuba dukan magungunan da majinyaci ke sha a leda a taho da su, har da na gargajiya da na kemis. A zo da tabaransa idan yana da shi. Sannan a zo da wadda ke kwana ɗaki ɗaya da shi, a bar ta ta yi magana da bakinta, domin ita ta san ƙarfe nawa yake tashi, da abin da yake ci, da ranar da abin ya canja.