Taragon Tsakuwa

Mu mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum, hanyar jirgin ƙasa ba ta ratso garuruwanmu ba. In muna son ganin dogo sai mu je Gusau. Dogon nan ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a shekarar 1929. Shekaru da yawa jirgi ya yi yana kwasar gyaɗa da auduga da fatu daga ƙasar Zamfara zuwa bakin teku.

Wanda ya taɓa tsayawa bakin dogo ya ga abu uku. Ga ƙarafa biyu dogaye, a kansu jirgi ke tafiya. Ga gungume da aka gitta ƙarƙashinsu, na ƙarfe ko na katako ko na siminti, ana ce musu silifa. Ga kuma tsakuwa shimfiɗe ƙarƙashin silifa. Darasinmu na yau a kan tsakuwar nan ne, da taragon da ke kawo ta.

Mu tuna da rumbu. Ba mu ajiye rumbu a kan ƙasa, sai mun jera duwatsu mun ɗora shi bisa. Don me? Don kada ruwa ya ci gindinsa, hatsi ya ruɓe. To, haka dogo yake. Jirgi yana da nauyi ƙwarai. Da a kan ƙasa zalla aka shimfiɗa dogo, da damina ɗaya ta isa ya nutse cikin laka.

Aikin tsakuwa huɗu ne. Tana raba nauyin jirgi a kan ƙasa. Tana riƙe silifa kada ta goce. Tana barin ruwan sama ya zurare ya wuce. Tana kuma rage tsirowar ciyawa.

Ba kowace tsakuwa ke yin wannan aiki ba. Tsakuwar gulbi sumul take, in an taka ta sai ta mirgine. Dutse mai tauri ake nema, irin wanda muke gani a Kwatarkwashi. Inji ke farfasa shi, ƙwara ɗaya kamar girman ƙwan kaza. Da yake tana da kaifi da kusurwa, sai ta sarƙe da juna ta zauna daram.

To, yaya ake kai ta can cikin daji, inda mota ba ta zuwa? Da jaki ba za a gama ba. Saboda haka aka ƙera mata tarago na musamman. Samansa buɗe yake. Cikinsa ya yi kama da mazurari, ko bakin injin niƙa, watau sama da faɗi, ƙasa tsukakke. A gindinsa akwai ƙofofi. Babban tarago yakan ɗauki tan 40 ko fiye.

Kan jirgi yakan jawo taragai da yawa a jere. In an iso wurin gyara sai ya riƙa tafiya sannu-sannu. Ma'aikaci ya buɗe ƙofa, tsakuwa ta zubo da nauyin kanta. Yana iya zuba ta tsakanin ƙarafan nan biyu, ko dama, ko hagu. Daga nan sai leburori su baje ta da shebur, su cusa ta ƙarƙashin silifa, su danne. A manyan hanyoyi inji ke yin wannan. Sabuwar hanyar Abuja zuwa Kaduna, wadda aka buɗe a 2016, ita ma a kan tsakuwa take kwance, wajen kilomita 186.

Tsakuwa ba ta dawwama. Nauyin jirgi yana niƙe ta a hankali, ƙura da laka su toshe ta, ambaliya ta kwashe wata. Shi ya sa dole tarago ya riƙa komowa da sabuwa.

Akwai wata ɓarna kuma wadda mutum ke yi da hannunsa. Wani yakan ga tsakuwa zube, ya ce ba mai ita, ya ɗiba don gini. Ashe rami ya haƙa wa jama'a. Inda aka kwashe tsakuwa, silifa takan zauna a kan iska, dogo ya lotsa, jirgi ya sauka daga hanya. Wataƙila ɗan'uwansa na ciki. Dogo dukiyar jama'a ce. In mun ga mai ɗiba, mu hana shi, mu gaya wa mai unguwa ko dagaci. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. A wace shekara dogo ya isa Ƙauran Namoda?
2. Faɗi aikin tsakuwa guda huɗu.
3. Don me tsakuwar gulbi ba ta yi wa dogo?
4. Ta ina tsakuwa ke fita daga tarago?

Ku rubuta: dogo, tarago, tsakuwa, silifa, mazurari.