Makarantar Kimiyya ta 'Yan Mata a Taura: Ɗan Tsokaci

A shekarar 1977 Gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare biyu na kimiyya, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa, saboda ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jihar. Duk biyun na maza ne. Sai a 1981 aka buɗe ta 'yan mata a Taura, garin da ya faɗa cikin Jihar Jigawa a 1991.

Ba a ɗaukar yarinya sai ta ci jarrabawar zaɓe. Amma abin lura a nan shi ne tsarin kwana. 'Yar manomi da ke makarantar jeka-ka-dawo, talla da surfe da ɗiban ruwa ne ke cinye mata yini. A Taura kuwa ga ɗakin gwaje-gwaje da safe, ga nazarin dare, ga malamai kusa masu ja mata gora har ta gane. Irin wannan reno littafi kaɗai ba ya bayar da shi.

Buƙatar kuwa ba ƙarama ba ce, domin mata da yawa a karkara sukan jure ciwo, har na naƙuda, gudun kada likita namiji ya duba su.