Hukuncin Mawaƙin Da Ya Tafi Yawon Wasa Ƙasashen Waje A Lokacin Salla

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, ana saura 'yan kwanaki Babbar Salla wani almajirina a makarantar dare da ke nan Tudun Wada, Kaduna, ya tare ni da tambaya. Ya ce wansa yana aikin haɗa na'urar sauti a wajen wani shahararren mawaƙi, kuma za su tafi wasan Salla Yamai da Ankara, ba za su komo ba sai bayan mako biyu. Ya ce, "Malam, mene ne hukuncin sallarsa da layyarsa?"

Fitar mawaƙanmu waje ba yau ta fara ba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi wasa a Gana da Nijar, haka Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya kai kuntiginsa har ƙasashen Turawa. Abin da ya ƙaru shi ne yadda ranakun Salla suka zama kakar mawaƙa, kamar yadda suke kakar telolin Kasuwar Barci.

Mu fara da asali. Kalmar Idi ta fito ne daga fi'ilin Larabci ada, ya'udu, watau komowa, domin rana ce da ke komowa kowace shekara da farin ciki. Shari'a ba ta hana wannan farin ciki ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa wasu 'yan mata biyu suna waƙa a ɗakinta ranar Idi, Sayyidina Abubakar ya shigo ya tsawata musu, amma Annabi (S.A.W.) ya umurce shi ya ƙyale su saboda ranar biki ce. Haka kuma Habashawa sun yi wasan masu a masallaci, Annabi ya tsaya Nana A'isha tana kallo ta bayansa.

Game da kayan kiɗa kuwa malamai sun saɓa. Mafi yawansu, har da Ibn Abi Zaid mai Risala, sun hana. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a shekarar 456 ta Hijira, ya halatta. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505, ya duba abin da waƙar ta ƙunsa da halin mai sauraro. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙi ya zargi sarakunan Hausa da shagala da ganguna ba tare da dalilin shari'a ba. Amma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya yarda da batsa, ko giya, ko cuɗanyar maza da mata a filin rawa, ko barin salla ta wuce.

To, a nan ne maganar tafiya ta shigo. A mazhabar Malikiyya sunna ne matafiyi ya yi ƙasaru idan tafiyarsa ta kai mil 48, watau kimanin kilomita 80, kusan nisan Kaduna zuwa Zariya. Sai dai Shehu Halilu a Muhtasar ya sa sharaɗi: kada ya zama mai saɓo da tafiyar, kada kuma ya zama mai wargi da ita. Almajiran nahawu su lura da bambancin harafin ba da harafin fi. Mai saɓo da tafiya shi ne wanda saɓon ne ya fitar da shi daga gida, wannan ba shi da rangwame. Mai saɓo a cikin tafiya kuwa halal ya fita nema sai ya yi tuntuɓe a hanya, wannan yana da zunubinsa amma yana ƙasaru. Wanda wargi kawai ya fitar, an karhanta masa ƙasaru. Saboda haka mai tafiya ya tambayi kansa tun kafin ya ɗaure kaya: wane irin taro za mu haɗa, kuma me za a rera a cikinsa?

Sauran hukunce-hukuncen ga su a taƙaice. Na farko, in ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a gari ɗaya, ya cika salla. Na biyu, sallar Idi sunna ce mai ƙarfi a kan wanda Juma'a ta wajaba a kansa, ga matafiyi kuwa mustahabbi ce. To amma wanda ya kwana a Yamai ko unguwar Nima ta Ankara, ga masallacin Idi kusa, wane uzuri gare shi in ba barcin gajiyar wasa ba? Na uku, layya ba ta faɗuwa a kan matafiyi mai hali. Ya yanka inda yake, ko ya wakilta wani a gida, cikin kwana 3, daga 10 zuwa 12 ga Zulhajji, bayan liman ya yanka tasa. Na huɗu, in Ƙaramar Salla ce, zakkar kono tana kansa, mudun Annabi 4 ga kowane mutum ɗaya da yake ciyarwa, ya fitar a can ko ya bar wa iyalinsa umurni.

Akwai kuma haƙƙin da ba a wakilta kowa a kansa. Ana iya aiko da kuɗin rago, amma ba a aiko da gaisuwar Salla a gaban mahaifiya, ko riƙe hannun yaro zuwa Idi. Uban tafiya kuma ya sani makaɗa da direbobi da masu ɗaukar kaya amana ce a wuyansa. In ya tsara wasa ya haɗiye Magariba da Isha'i, ya kai mutane ga barcin da zai cinye Asuba, yana da kaso cikin nauyinsu.

Na ce wa almajirin nan ya faɗa wa wansa: in taron mai tsabta ne, ya bar wa iyali guzuri da rago, ya nemi albarkar iyaye, ya tsare sallarsa, ya tafi neman halalinsa. In kuwa ya san ba haka yake ba, to kuɗin da aka sayi Salla da shi ba ya auki. Mu ma masu sayen tikiti mu yi wa kanmu wannan hisabi.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya maimaita mana, Ya komo da matafiyanmu gida lafiya, amin.