Masu Gidajen Burodi, Ku Duba Hular Bututunku Kafin Damina

Sana'ata gini ce, kuma yawancin aikina tanderun burodi ne da manyan murahu, daga Birnin Kudu zuwa Gwaram har Sara. Abin da ya fi damuna a wannan aiki shi ne yadda mai gida zai kashe kuɗi a kan jan bulo da siminti, a tayar masa da bututun hayaƙi tsaf, amma da an zo maganar hular da za a ɗora a bakinsa sai ya ce a bari sai an samu hali.

Mu nan kudancin Jigawa mun fi arewacin jihar samun ruwa, balle a watan Agusta. Bututun da aka bari baki a hangame, ruwan nan cikinsa yake zuba. Idan ya haɗu da kunkunniyar da ta taru a ciki sai ya zama ruwa mai tsami da ke cin simintin da ke tsakanin bulo. Daga ciki yake ci, shi ya sa daga waje za ka ga gini lafiya lau, sai ran da ya tsage. Kafin nan ma an fara asara, domin jiƙaƙƙen bututu ba ya jan hayaƙi da wuri, itace na ta ƙonewa tanderu bai yi zafi ba.

Wasu kuma sai su kifa tsohon daro a kai, su danne da dutse. Wannan ya fi barin sa a buɗe haɗari. Hayaƙin da bai samu mafita ba ɗakin gashi yake komowa, kuma a cikinsa akwai iska mai guba da ba ta da launi, ba ta da wari. Idan yaranka na yawan kukan ciwon kai da jiri a bakin tanderu, kada ka ce ragwanci ne, hau ka duba sama. Sannan hadarin farkon damina da ke tasowa daga gabas da guguwa ba ya barin daro a wurinsa, ga shi dutsen a kan wani zai faɗo.

Hula ta gari kamar malafa take: ta tare ruwa daga sama, iska na wucewa ta ƙasa. Don haka kada ka je wurin mai walda da ƙiyasi. A sa tef a auna bakin bututun ciki da waje. Murfin ya ɗaga sama da bakin da inci 6 zuwa 8, ya kuma zarce shi ta kowane gefe. Tsakani a zagaye da raga saboda tsuntsaye masu sheƙa da kuma tartsatsi, wanda ba abin wasa ba ne a unguwar da ake jibge harawa da kara bayan kaka. A dokar gini ta Amurka, idon ragar bai kamata ya wuce rabin inci ba, kuma jimillar kafofinta ta ninka faɗin bakin bututun sau 4. Ragar sauro ta taga kuwa kada a kuskura, nan da nan kunkunniya ke toshe ta.

Ƙarfe mara tsatsa ya fi komai, ko da ya fi tsada. In babu hali, a yi da ƙarfe mai kauri. Kwanon rufi dai ɓata kuɗi ne.

Wajen ɗorawa ne magina da yawa ke yin ha'inci. Kafin hula, dole a zuba kankare a saman ginin, a karkata shi waje, ya fito inci 2 daga jikin bango, a yi masa ɗan kwari ta ƙasa don ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi jikin bulo. A cikin kankaren nan ake binne ƙarafan da za a ɗaure ƙafafun hular da noti, yadda za a iya kwancewa a share a mayar. Ƙusa a cikin siminti ba ta riƙe komai. Kuma hula ba ta gyara gajeren bututu: ya fito ƙafa 3 daga inda ya huda rufi, ya ɗara duk abin da ke kusa da shi cikin ƙafa 10 da ƙafa 2. Reshen darbejiya da ya yi masa rumfa a sare shi.

Don Allah 'yan uwa, a yi wannan aiki tun da bazara, ranar da tanderu yake a huce, kada a jira ruwan farko.