Ta Ina Zan Fara? Amsar Wasiƙun Mutanen Hotoro, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

  A filin amsa tambayoyinku na makon nan, yawancin wasiƙun da saƙonnin waya sun fito ne daga Hotoro, Gyaɗi-Gyaɗi, Unguwa Uku da Tarauni, kuma duk kan abu ɗaya suke: yadda mutum zai taimaki unguwarsu, da inda zai nufa idan shi ne ke neman taimakon. Kamar yadda muka saba, mun sakaya sunaye.

Wasiƙar farko daga wani matashi ce a Hotoro, kusa da defon mai. Ya ce: "Malam, na gama bautar ƙasa, aiki bai samu ba tukuna. Zaman majalisa ya ishe ni. Ina son in yi wa unguwarmu wani abu, amma ba ni da ko sisi. Ta ina zan fara?"

Ƙanena, Allah ya yi maka albarka, ya kawo aiki mai amfani. Kana da lokaci, kana da ƙarfi, kana da ilimi, kuma da waɗannan ukun aka san aikin gayya tun zamanin kakanni. Ka fara da zuwa gaida mai unguwa. Duk aikin da za a yi a kan layi ba da saninsa ba, ko na alheri ne, zargi zai biyo baya. Shi zai haɗa ka da dattawa da limami, shi kuma zai gaya maka ƙaramar hukumar da layinku yake. Wannan na da muhimmanci, domin Hotoro a rabe take: mazaɓun Hotoro Arewa da Hotoro Kudu suna ƙarƙashin Nasarawa, mai sakatariya a Bompai, ɓangaren defo kuwa yana cikin mazaɓu 10 na Tarauni, mai sakatariya a Unguwa Uku. Takardar da aka kai ofishin da ba nata ba, sai dai ta kwana a durowa.

Aikin da na fi so ka soma da shi shi ne yashe kwata, tun kafin ruwan farko ya sauka. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata an ware ta don tsaftar muhalli a Kano, daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Samari da yawa barci suke ƙarawa a lokacin. Ka samu abokai biyar ko shida, ku ari shebur da manjagara da baro daga magina, ku sa safar hannu da takalmin roba saboda kwalba da ƙusa. Ku faro daga inda ruwan ke fita zuwa babbar magudana, ku yo sama, don in kun faro daga sama ƙazantar za ta taru a ƙofar maƙwabcin da ke ƙasa, a koma rigima. Abin da ke kashe wannan aiki a unguwanni shi ne a tara taɓo da ledar fiya-wata a bakin kwata a watse. Ruwa ɗaya zai mai da su inda suka fito. Saboda haka kafin ranar, mai unguwa ya sanar da hukumar kwashe shara ta REMASAB, ko a yi karo-karo a biya masu kura su kai bola. Kwatar da ke gudu tana rage sauro, tana rage amai da gudawa, tana kuma hana ginin ƙasa jiƙewa ya faɗa wa masu barci.

Da yamma kuma ga alli da allo. A layinku akwai yaran da suka kai aji shida ba sa iya haɗa baƙi, akwai magidantan da sai an karanta musu saƙon banki. Jihar Kano tana da Hukumar Ilimin Manya tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aikinta ma ya kai hukumar UNESCO ta karrama ta. Ka je ka nemi a ɗora ka a kan tsarinsu. Makarantar firamaren unguwa kuma tana da kwamitin iyaye da al'umma, ka gabatar da kanka ga shugaban makaranta. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka ɗauki goma. Ka ɗauki ɗaya ko biyu ka riƙe su shekara guda. Yaron da ka koya wa mako biyu ka ɓace, ka karya masa gwiwa.

Sai wata baiwar Allah daga Gyaɗi-Gyaɗi. Ta ce ta yi jinyar ƙanwarta, ta ga yadda dangi ke kai-kawo cikin dare suna neman jini. Tana tambaya: mace na iya bayarwa? Ba ya rage ƙarfi? Kuma ta ji ana cewa sayar da shi ake yi.

Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ƙara wa ƙanwarki lafiya. Tambayarki ta taɓa ni, domin a ganina babu sadakar da ta fi wannan sauƙi ga mutumin Gyaɗi-Gyaɗi. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana bakin ƙofarku a kan titin Zariya, kuma marasa lafiya daga jihohin maƙwabta har da Jamhuriyar Nijar suna zuwa. Mutumin da aka kawo daga nesa, wa zai kira ƙarfe biyun dare? Mai haihuwar da jini ya ɓalle mata ba ta da sa'o'in jira, kuma zubar jini bayan haihuwa na kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata a ƙasar nan. Ga yara masu sikila, ga waɗanda suka yi haɗari a hanyar Maiduguri ko ta Zariya.

E, mace na bayarwa, muddin ba ta da juna biyu, ba ta shayarwa, kuma gwaji ya nuna jininta ya isa. Sharaɗin kowa shi ne shekara 18 zuwa 65, nauyi kilo 50 zuwa sama, da ƙoshin lafiya. Babban mutum na da kimanin lita 5 na jini a jiki, abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba. Ruwan jinin yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyinsa kuma cikin 'yan makonni. Namiji na iya maimaitawa bayan wata 3, mace bayan wata 4. Ki ci abinci kafin ki je, ki sha ruwa sosai, ki huta bayan an gama. Allurar sabuwa ce, sau ɗaya ake amfani da ita. Za a kuma gwada jinin don ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki, ki san matsayin lafiyarki.

Maganar sayarwa kuwa, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin jini. Kuɗin da asibiti ke karɓa na leda ne da gwaje-gwaje da ajiya. 'Yan bakin ƙofa masu neman a biya su suna samun kasuwa ne saboda ma'ajiya ba kowa. Ki wuce su, ki shiga sashen ajiyar jini kai tsaye. Kuma ki sani jini ba ya wuce kimanin mako 5 a firji, don haka gangamin da ake yi ranar 14 ga Yuni, ranar masu ba da jini ta duniya, ba zai ɗauki shekara ba. Da kowane masallacin Juma'a da kowace majalisa a yankin nan za su rubuta sunayen masu niyya da rukunin jininsu, da dangin mara lafiya sun samu wanda za su kira.

Ga wata kuma daga Unguwa Uku, matar aure ce. Ta ce ba ta cika fita ba, amma ɗan maƙwabciyarta ya rame, gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa sun kumbura, uwar kuwa ta ce shafar iska ce. Me za ta yi?

Malama, kada ki kwana da wannan magana. Alamun da kika lissafa na tamowa ne, kuma kumburin ƙafa biyu alama ce ta cewa abin ya yi tsanani. Ki nemi izinin maigida, ki raka ta asibitin Unguwa Uku. Ƙungiyar likitocin duniya ta MSF ta daɗe tana tallafa wa aikin kula da yara masu tamowa a can, kuma kyauta ake yi. Za a auna damtsen yaron da wani ɗan tef mai launi uku. In ya faɗa kan ja, ana fara magani nan take. Ki yi mata magana da taushi. Sau da yawa kunya ce ke hana uwa, kada a ce mijinta ya kasa ciyar da gida. Abincin gyaɗa da madara da za a ba shi magani ne na shi kaɗai, ba a raba wa 'yan'uwansa, ba a kai shi kasuwa.

Kuma kada ki raina zamanki a cikin gida. Ki tuna tarihin shan-inna. A 2003 aka dakatar da rigakafi a Kano saboda zargi, aka dawo da shi a 2004, cutar ta riga ta bazu. Waɗanda suka juya al'amarin, tare da sarakuna da malamai, mata ne 'yan sa-kai masu shiga gida-gida, inda namiji ba ya wuce zaure. A watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Kowace mazaɓa tana da kwamitin da ke haɗa asibitin sha-ka-tafi da jama'a, kuma ana buƙatar mata a ciki. Ki tambayi shugabar asibitin yadda za ki shiga. A gidan suna da gidan biki kina iya tuna wa mata ranar awo da ranar allura.

Wasiƙa ta huɗu daga wani dattijo ce a Tarauni. Ya ce sun kafa ƙungiyar taimakon kai da kai don gyaran makabarta da taimakon marayu, aka tara kuɗi, sai zargi ya shiga, kowa ya kama gabansa. Yana son a farfaɗo da ita.

Baba, Allah ya ƙara girma, ya saka muku da alheri. Kun fi ni sanin cewa zato ne ke rusa irin waɗannan ƙungiyoyi, ko da ba wanda ya ci ƙwandala. Maganinsa a rufe ƙofar zaton tun farko. Ku rubuta ƙa'idojinku ko da shafi biyu ne, ku yi rajista a sashen ci gaban al'umma na ƙaramar hukuma. Ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, wanda kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu cikin uku. Mai karɓar kuɗi daban, mai rubutawa daban. Duk wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a bainar jama'a, a liƙa takardar a bangon masallaci. Shugabanci ya zama na wa'adi. In ɗan siyasa ya kawo gudummawa, a karɓa a rubuta a yi godiya, amma kada a ɗaura wa ƙungiya hular jam'iyya, don ranar da aka faɗi zaɓe da ita za a faɗi.

Ku soma da makabartar, tunda aikinta a fili yake: cike kaburburan da ruwa ya zaftare, sare ciyawa, toshe inda katanga ta faɗi, sayen itace da tukwane, da ɗan ihsani ga masu haƙa, bayin Allah da ba a tuna su sai ranar rashi. In mutane suka ga aiki da idonsu, hannunsu zai saki. Marayu kuwa, ku biya kuɗin makaranta kai tsaye ku karɓi rasit, kuma a daina jera su ana ɗaukar hoto ana sawa a Facebook. Ku jawo matasa su riƙe rubutu da zirga-zirga, ku kuma ku riƙe shawara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Lokaci na ƙure mana, bari in ɗauki gajerun saƙonni. Wani mai shago a kasuwar waya ta Farm Centre yana tambayar lambar da za a kira in gobara ta tashi. Ɗan'uwa, 112 ce lambar gaggawa ta ƙasa, kyauta ce. Ka kira tun wutar tana ƙarama, ka faɗi wurin dalla-dalla, a kuma buɗe wa motar kwana-kwana hanya. In wutar lantarki ce, a kashe layi kafin a taɓa ruwa.

Wata da mijinta ya rasu ta ce dangi sun hana 'ya'yanta gado, ba ta da kuɗin lauya. Hajiya, Allah ya jiƙansa. Ki fara da dagaci ko ofishin Hisbah na ƙaramar hukumarku don sulhu. In abin ya faskara, kotun shari'ar Musulunci ce ke rabon gado, kuma Hukumar Agajin Lauyoyi ta tarayya, wadda ke aiki tun 1976, tana da ofis a Kano don marasa hali. Ki adana duk takardar gida ko fili da ke hannunki.

Wani kuma yana son shiga 'yan sintiri saboda ƙwacen waya. Madalla, amma ka shiga ƙungiyar da ofishin 'yan sanda na yankinku ya san da ita. In kun kama mutum, ku miƙa shi da ransa da lafiyarsa. Ihun "ɓarawo" ya sha cinye wanda bai ji ba bai gani ba. In agajin gaggawa ya fi kwanta maka, Red Cross da 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam da Izala duk suna ɗaukar matasa suna horar da su.

Jama'a, ofisoshin nan da na ambata duk suna kusa da ku, wasu da ƙafa ma za ku je. Wani lokaci za ku je ba a saurare ku ba. Ku koma, ku tafi ku uku, da takarda mai sa hannun mai unguwa, ku riƙe kwafi. Duk wanda ya fara wani aiki a layinsu, ya rubuto mana yadda ta kaya, da daɗi ko ba daɗi, domin wasu su koya. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba wasiƙunku kan matsalar ruwan sha da rijiyoyin burtsatsen unguwa.