Yadda ake farfesun ƙafar sa a tukunyar lantarki mai dafawa a hankali

Duk wadda ta taɓa ɗora ƙafar sa a murhu ta san aikin wuni ne. A iza wuta, a ƙara ruwa, a leƙa, a sake izawa, itace ya ƙare ƙafa tana nan kamar roba. In kuwa gas ne, kina ji a ranki kuɗi ne ke ƙonewa. Irin wannan girki mai cin lokaci shi aka ƙera tukunyar lantarki mai dafawa a hankali dominsa. Ba ta iya komai da komai ba, kuma wadda ta saye ta don tuƙa tuwo ko dafa taliya ta yi asarar kuɗinta. Amma a ba ta ƙafa, ko ganda, ko jelar sa, ko tsohuwar kazar gida, sai ta nuna gwaninta.

Tukunyar kashi uku ce: gangar ƙarfe mai ɗauke da wayar zafi, kwanon tangaran mai kauri da ake zaunarwa a ciki, sai murfin gilashi. Wani Ba'amurke mazaunin Shikago, Irving Naxon, ya sami rajistar ƙirƙirarta a 1940. Abin da ya ba shi dabarar shi ne labarin wani dafaffen wake da nama da Yahudawan Lituwaniya ke bari a tanderu tun yammacin Juma'a, ya kwana yana dahuwa, tun da addininsu ya hana su kunna wuta ranar Asabar. Kamfanin Rival ya sayi harkar a 1970, ya fito da ita da sunan Crock-Pot a 1971, daidai lokacin da matan Amurka ke ta fita aikin albashi. Ashe tun asali don wanda ba shi da halin tsayawa a kan tukunya aka yi ta.

Kafin ki jona, juya ta ki duba rubutun da ke ƙasa. Wadda aka yi don Amurka wuta mai volt 120 take sha, tamu kuwa ta Najeriya da Nijar tsakanin 220 ce da 240. In kika sayi ta gwanjo ba ki duba ba, jonawa ɗaya za ki ji ƙauri, shi ke nan.

To, ga aikin. Ki sa mahauci ya babbake ƙafar ya sassara miki ita gunduwa-gunduwa, yadda za ta zauna a kwanon. A gida ki kankare baƙin da wuƙa, ki bi tsakanin kofato da kyau don nan datti ke maƙalewa, ki wanke har ruwan ya fita fes. In daga firiza kika ciro, sai ƙanƙarar ta narke tukuna. Wannan tukunya a hankali take ɗaukar zafi, daskararren nama zai daɗe yana ɗumi-ɗumi, a nan kuma ƙwayoyin cuta ke hayayyafa.

Daga nan ki zuba ƙafar a tukunyar yau da kullum, ki tafasa ta minti goma a wuta mai ƙarfi, ki zubar da ruwan da kumfarsa. Wasu na tsallake wannan. Ni ba na tsallakewa, domin shi ke kashe ƙarni, kuma naman ya shiga kwanon da zafinsa.

Shimfiɗa yankakkiyar albasa a ƙasan kwanon, manya biyu ga ƙafa ɗaya. In za ki sa dankali ko karas, su ma ƙasa za su, don a wannan tukunya sun fi nama taurin kai. Jera ƙafar a sama. Sai kayan ƙamshi: citta, tafarnuwa, kanumfari, masoro, kimba ɗaya ko biyu a fasa, daddawa, jajjagen attaruhu da tattasai, gishiri da dunƙule. Ki rage hannu wajen kanumfari da kimba, awa takwas a rufe na fito da ɗacinsu. Gishirin ma ki sa rabi, a gyara daga baya.

Yanzu ruwa, kuma nan ne kowa ke faɗawa rami a karon farko. Ni ma na faɗa. Na cika kwanon kamar yadda na saba a murhu, da gari ya waye na tarar da ƙafa ta yi laushi tana ninƙaya a ruwa tsululu, ba ɗanɗano ba kauri, maigida ya ɗanɗana ya ce ko shayin nama na dafa. Dalili shi ne ruwa ba ya ƙonewa a nan. Tururi na hawa ya bugi murfi ya koma ciki, ga albasa da nama su ma suna fitar da nasu. Saboda haka ki zuba ruwan zafi daidai inda zai kusa shafe naman, ki tsaya. Gaba ɗaya abin da ke kwanon kada ya gaza rabi, kada kuma ya wuce kashi biyu cikin uku.

Rufe, ki murɗa maɓalli. Yawancinsu matsayi uku gare su: ƙaramar wuta, babbar wuta, da ta ajiye ɗumi. Ƙafar sa na son awa takwas zuwa goma a ƙarama, ko biyar zuwa shida a babba. Kaza da naman rago ba su kai haka ba, awa shida a ƙarama ya ishe su. Ta ɗumin ba ta dafa komai, aikinta riƙe abincin da ya riga ya nuna.

Sai abu mafi wuya ga wadda ta saba da ludayi a hannu: ki ƙyale ta. Kada ki buɗe, kada ki juya. Duk buɗewa ɗaya zafin da ya taru ya tafi, sai ta ɗauki kusan minti ashirin kafin ta farfaɗo. Ai murfin gilashi ne, ki leƙa ta sama. Za ki ga 'yan ƙananan kumfa na tasowa ta gefe-gefe, ba ɓararraka ba, haka ake so.

A watan azumi ne na fi ganin ranarta. A ɗora bayan an dawo daga asham, a kwanta, lokacin sahur ƙamshi ne zai tashe ki. Haka kai da ƙafar layya, da kan zame wa mata kaya bayan an gama suya.

Idan lokaci ya cika, taɓa da cokali. In fata na rabuwa da ƙashi ba gardama, romon kuma na ɗan danƙo a yatsa, ta yi. Ɗanɗana gishiri, ƙara yaji in da buƙata. Ganye irin su ɗoɗɗoya ko lawashi a rabin awar ƙarshe ake sa su. In romon ya yi yawa, cire murfi ki mayar babbar wuta na rabin awa, ko ki juye a tukunya ki ƙone shi a gas.

Wake ma na yin kyau a ciki, har ba sai an sa kanwa ba. Sai dai hattara da jan waken nan mai siffar ƙoda: yana da wani dafi da ƙaramar wuta ba ta kashewa. A jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, a tafasa shi sosai aƙalla minti goma a murhu kafin ya shiga kwanon.

Saura maganar da ba ta ɓoyuwa, wato wutar NEPA. Tukunyar ba ta da ci, yawanci ba ta wuce wat 250, ƙasa da rubu'in abin da dutsen guga ke ja. Mai wat 200 in ta yi awa takwas, yunit 1.6 ke nan a mita. Don haka sola mai batir na ɗaukarta cikin sauƙi. Amma tana son wuta mai ɗorewa. In aka ɗauke kina gida, juye a tukunya ki ƙarasa a gas ko gawayi nan take. In kuwa kin dawo kin tarar an ɗauke ba ki san tun yaushe ba, abincin ya huce, to haƙuri za a yi a zubar, ko da ƙamshinsa bai canja ba.

Wajen wanki, bar kwanon ya huce kafin ya ga ruwan sanyi, in ba haka ba ya tsage. Gangar kuwa tsumma kawai ake goga mata, ba a tsoma ta a ruwa. Abincin da ya rage a sa a firij, gobe a ɗumama shi a murhu, ba a cikinta ba.

'Yar'uwa, in unguwarku wuta na zama ko kuna da sola, saye ta ba asara ba ne. In kuwa sai an yi sa'a ake ganin wutar awa biyu, riƙe kuɗinki ki sayi tukunya mai matsin tururi.